Tazarar Kamu Ɗaya: Inda Bluetooth Ke Tsinkewa a Linux

Kowace na'ura da yadda take nuna ƙin aiki. Firinta takan yi gurnani ta kunna jar fitila. Intanet idan ya yanke, burauza takan fito fili ta gaya maka. Shi kuwa Bluetooth shiru yake yi. Ka latsa sunan iyafis ɗinka, ɗan da'ira ya yi ta juyawa na daƙiƙa goma ko ashirin, sannan ya tsaya kamar ba a tambaye shi komai ba. Iyafis yana hannunka, kwamfuta tana kan cinyarka, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba, amma sai ka ce ɗaya yana Agadas ɗaya yana Legas.

Wannan ɗan abu yana da nauyin da ya fi girmansa, musamman a yanzu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10, ita kuma Windows 11 ta zo da sharuɗɗa, irin su guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, waɗanda ɗimbin kwamfutocin gwanjo da ke ofisoshinmu da gidajenmu ba su cika ba. Lafiyarsu ƙalau, shekaru ne kawai suka ja. Linux ita ce hanya mafi sauƙi ta ci gaba da morarsu cikin aminci, kuma na ɗora ta a kan kwamfutocin 'yan'uwa da abokan aiki ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Abin da na lura shi ne, waɗanda suka koma inda suka fito ba manyan abubuwa ne suka kore su ba. Lauya ko likita zai iya haƙuri da sabon tsarin allo, zai iya koyon LibreOffice. Abin da ba zai jure ba shi ne a fara taro ta intanet, shugaban taro yana cewa "Barista, ba ma jin ka," shi kuma yana ta latsa wani suna da ya ƙi amsawa. Rana ɗaya irin wannan ta isa ta rushe lallashin wata guda.

Fasahar kanta ba sabuwa ba ce. A 1994 aka fara aikinta a kamfanin Ericsson da ke Suwidin, ƙarƙashin wani injiniya ɗan Holan mai suna Jaap Haartsen, sannan a 1998 Ericsson da IBM da Intel da Nokia da Toshiba suka kafa ƙungiyar da ke kula da ƙa'idojinta. Sunan kuwa laƙabin Harald ne, sarkin Danmak na ƙarni na goma, wanda tarihi ya ce ya haɗa kan Danmak da Norwe; Jim Kardach na Intel ya kawo shi a matsayin sunan wucin gadi, sai ya zauna. Mu nan ta wayoyin Nokia muka san shi, lokacin da waƙa ko karatun malami ke bin gari daga aljihu zuwa aljihu ba tare da an sayi ko sisin data ba. Wataƙila shi ya sa muke ɗaukarsa abu ɗaya dunƙulalle, wanda ko dai ya yi ko bai yi ba.

A cikin kwamfuta kuwa gida ne mai zauruka. Can ƙofar waje akwai guntun rediyon kansa, wanda a yawancin kwamfutocin cinya yake zaune a kati ɗaya da Wi-Fi, na Intel ko Realtek ko MediaTek ko Qualcomm ko Broadcom. Duk da zaman kati ɗaya, galibi hanyarsu daban: Wi-Fi ta PCIe yake magana da kwamfuta, Bluetooth ta wata USB ta ciki, dalilin da ya sa ɗaya kan mutu ɗaya na raye. Bayan guntun akwai 'yar manhajar da ake ɗura masa duk lokacin da aka kunna kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira famwaya. Sai direba a cikin kanel, wato zuciyar Linux, mafi yawa wanda ake kira `btusb`. Sai BlueZ, manhajar Bluetooth ta Linux, wadda ta samo asali daga Qualcomm ta shiga kanel a 2001, da hadiminta `bluetoothd` mai aiki a bayan fage. Idan na'urar ta sauti ce, akwai sauran zaure guda, PipeWire ko tsohuwar PulseAudio. Maɓallin da kake latsawa a allo shi ne ƙuryar ɗaki. Duk inda baƙo ya maƙale a hanya, abin da na ƙurya zai iya faɗa ɗaya ne: bai iso ba. Don haka gyara yana farawa da gano zauren da ya tsaya, kuma daga ƙofar waje ake faro nema.

Zauren farko ba ya cin lokaci. Ka buɗe taminal ka rubuta `rfkill list`. Zai nuna ko an toshe rediyon, kuma toshewar iri biyu ce. Ta manhaja, `rfkill unblock bluetooth` yana buɗe ta nan take. Ta ƙarfe kuwa ba umarnin da zai taɓa ta: wani ɗan maɓalli ne a gefen kwamfutar, ko haɗin madannai mai hoton jirgin sama, ko saiti a BIOS. Kwamfutocin da suka yi aiki a manyan kamfanonin Turai kafin su iso kasuwanninmu wani lokaci sukan zo da Bluetooth a kashe tun daga BIOS, saboda dokar tsaron inda suka fito. Idan `rfkill` bai ambaci Bluetooth ba sam, `lsusb` ma bai nuna shi ba, to a can za a duba kafin a zargi Linux.

Idan guntun yana nan amma `bluetoothctl` yana cewa babu mai sarrafawa, zato na farko famwaya ne. A nan Linux tana da wata ɗabi'a da nake ƙauna: tana rubuta komai. Umarnin `sudo dmesg | grep -i bluetooth` zai fito da abin da ya gudana tsakanin kanel da guntun tun daga kunnawa. Idan ka ga layin da ke cewa ɗora wani fayil ya gaza da kuskure mai lamba -2, ka gode wa Allah, domin -2 ma'anarsa ɗaya ce a Linux, babu fayil ɗin, kuma layin ya riga ya gaya maka sunansa. Na Intel suna farawa da `ibt`, na Realtek suna cikin jakar `rtl_bt`, duka a ƙarƙashin `/lib/firmware`. Ɗora kunshin `linux-firmware` ko sabunta shi yakan kashe maganar.

Me ya sa fayil mai muhimmanci haka zai rasa? A nan aƙida ta shigo. Famwaya mallakar kamfanin da ya ƙera guntun ne, a rufe yake, ba mai iya karanta cikinsa. Debian, wadda ta fi kowa riƙo da cewa manhaja ta zama buɗaɗɗiya, ta yi shekaru tana ƙin sa irin waɗannan fayiloli a faifan ɗorawarta na hukuma. Sai a 2022 masu aikinta suka kaɗa ƙuri'a suka sauya, aka fara gani a Debian 12 a watan Yunin 2023. Ina ganin girman waccan tsayuwa ta da, amma ina ganin ƙuri'ar ta yi daidai. Mutumin da ya ɗora manhaja ya tarar ba Wi-Fi ba Bluetooth, aka ce masa ya sauko da maganin daga intanet ɗin da ba shi da hanyar shiga, ba a koya masa darajar 'yanci ba, wahala kawai aka ba shi. Wanda ya sami kansa a wannan rami, ya haɗa wayarsa da kebul ya kunna raba intanet ta USB. Wannan ba ya bukatar famwayan kowa. Wasu guntayen Broadcom sun fi wuya, domin lasisinsu bai bari a raba wasu fayilolinsu tare da sauran ba, sai an ciro su daga direban Windows.

Akwai kuma wata dabara da ke kama da camfi alhali tana da dalili. Famwaya yana zama a ƙwaƙwalwar guntun muddin wuta na shigarsa, kuma sake kunna kwamfuta ba lallai ya yanke masa wuta ba. Idan guntun ya rikice, ko Windows ta bar shi cikin wani hali da direban Linux bai gane ba, zai tsallaka da rikicinsa zuwa sabuwar kunnawa. Sai an kashe kwamfutar ɗungurungum, an zare caja, an ɗan jira. Mai manhajoji biyu a kwamfuta ɗaya ya kuma kashe tsarin saurin kunnawa na Windows, domin da shi "kashewa" rabin barci ce.

Wannan ya kawo ni ga matsalar da ta fi kowace rikita masu hankali, domin tana da kamar aljanu. Mutum yana da Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Ya haɗa iyafis a Linux, ya yi aiki. Ya shiga Windows ya haɗa, ya yi aiki. Ya dawo Linux, ya ƙi. Ya goge ya sake haɗawa, ya yi. Ya koma Windows, can kuma ya ƙi. Haka zai yi ta yi, duk wanda aka haɗa daga baya shi ke da iyafis.

Don a fahimci wannan sai an rarrabe abubuwa uku da maɓallin allo ya cure wuri guda, waɗanda `bluetoothctl` ya ba kowanne umarninsa: `pair` da `trust` da `connect`. Na farko ƙulla amana ne, sau ɗaya ake yinsa: na'urorin biyu su haɗu su ƙirƙiri wani mabuɗin sirri mai tsawon bit 128, kowa ya adana kwafinsa. Na biyu izini ne daga ɓangaren Linux cewa wannan na'ura tana iya shigowa da kanta ba sai an tambayi mai gida ba. Rashinsa ne ke sa sifika ta haɗu yau gobe ta ƙi dawowa da kanta. Na uku shi ne zaman da ake yi kullum, kuma a farkon kowane zama sai kowa ya tabbatar wa ɗan'uwansa cewa mabuɗin nan yana hannunsa.

To, iyafis ba ya sanin Windows ko Linux. Abin da ya sani adireshin guntun ne, lamba mai bit 48, kuma guntun ɗaya ne ko wace manhaja ke tuƙa shi. A littafinsa layi ɗaya ne: wannan adireshi, wannan mabuɗi. Da ka ƙulla amana a Windows, sai ya goge mabuɗin Linux ya rubuta sabo a gurbinsa. Da Linux ta dawo da tsohon mabuɗi, abin da iyafis ke gani shi ne wani ya zo da fuskar mai gida amma makullinsa ba ya buɗe ƙofa. Ƙin da ya yi shi ne ainihin aikin da aka gina shi ya yi, kuma da ya karɓa da abin tsoro ne.

Maganin shi ne manhajojin biyu su riƙe mabuɗi ɗaya. A ƙulla a Linux tukuna, don ta buɗe wa na'urar jaka. Sannan a ƙulla a Windows, don mabuɗinta ya zama na ƙarshe. Sannan a kwafo na Windows a kai wa Linux. Windows tana ajiye shi a rajistarta, ƙarƙashin `Services\BTHPORT\Parameters\Keys`, wurin da ko mai gudanar da kwamfuta ba ya gani kai tsaye, amma daga Linux ana karanta shi da 'yar manhaja mai suna `chntpw`. Ita kuwa Linux a fili take ajiye nata: a `/var/lib/bluetooth` akwai jaka mai sunan adireshin guntunka, cikinta akwai jaka mai sunan adireshin iyafis, cikinta akwai fayil `info`, cikinsa akwai sashen `LinkKey`. Haruffa da lambobi 32 ne. Ka musanya su da na Windows, ka sake tayar da hadimin da `sudo systemctl restart bluetooth`, shi ke nan. Aikin minti goma sha biyar ne ga na'urorin sauti. Ga linzami da allon madannai na zamani, masu amfani da reshen Bluetooth mai ƙarancin cin wuta da ya zo a 2010, mabuɗan sun fi ɗaya, wasunsu ma sukan sauya adireshi duk lokacin da aka ƙulla sabuwar amana. A nan shawarata ta kasala ce kuma ba na jin kunyarta: a sayi linzami mai gurbin na'urori biyu ko uku, ko mai ɗan makullinsa na USB, a huta.

Wannan bayani yana warware wata matsala ta daban. Duk lokacin da aka maido da iyafis zuwa saitin masana'anta, ko littafinsa ya cika ya zubar da tsohon layi, Linux tana nan riƙe da mabuɗin da ɗaya ɓangaren ya manta. Latsa "haɗa" sau ɗari ba zai yi komai ba. Sai an ce `remove` da adireshin na'urar, an sa ta cikin yanayin neman aboki, an faro daga farko. Kafin duk wannan ma a duba aljihu: sau da yawa iyafis yana fitowa daga akwatinsa wayarka ta riga ta cafke shi, kuma mai karɓar na'ura ɗaya ba ya ko waiwayar ta biyu.

Sai zauren sauti, inda tarihi ya bar tabo. Lokacin da BlueZ 5 ta fito a ƙarshen 2012, ta sauke nauyin sarrafa sauti daga kanta ta bar wa wasu manhajoji. PulseAudio ta ɗauki shekaru tana cike giɓin: jin waƙa ya dawo a 2014, kiran murya a 2015 da ɗingishi, murya mai tsabta da manyan hanyoyin matse sauti irin su LDAC da aptX sai 2021. Yawancin mummunan sunan da Bluetooth ya yi a Linux daga waɗannan shekaru ya fito, kuma yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet na wancan zamani ne. PipeWire, wadda Wim Taymans na Red Hat ya jagoranta, ta zama ta asali a Fedora 34 a 2021, a Ubuntu kuma daga 22.10, kuma da ita abubuwa suka daidaita ƙwarai. Umarnin `pactl info` zai gaya maka wadda kake kai. Idan amana ta ƙullu amma haɗuwa ta gaza da saƙon `br-connection-profile-unavailable`, BlueZ ce ke cewa ta kawo baƙo amma ba wanda ya fito karɓarsa: ko dai manhajar sauti ba ta tashi ba, ko ɓangarenta na Bluetooth ba ya nan. A Debian da Ubuntu sunansa `libspa-0.2-bluetooth`.

Akwai kuma ƙorafin da ba lalacewa ba ne ko kaɗan, kuma shi ya fi shafar masu taro. Kana jin sauti garau, da ka shiga Zoom sai komai ya koma kamar rediyo a cikin tulu. Bluetooth na gargajiya yana da hanyoyin sauti biyu. A2DP hanya ce mai faɗi, tana iya ɗaukar sama da kilobit 300 a daƙiƙa, amma ta tafiya ce kawai, ba makirufo. HFP tana kai da kawowa, amma an gina ta ne don kiran waya a mota, bututunta kilobit 64 ne. Da zarar wata manhaja ta nemi makirufon iyafis, dole a sauka daga ta farko zuwa ta biyu. A tsohon salonta HFP tana ɗaukar murya sau 8,000 a daƙiƙa, wanda ke nufin duk sautin da ya haura hazi 4,000 ya faɗi, kuma a can sama ne ƙarfin baƙaƙe masu huci irin su "s" yake. Shi ya sa kunne ke wahala wajen rarrabe wasu kalmomi ko da ƙarar ta isa. Sabon salon, mSBC, ya ninka zuwa 16,000, bambancin kuma a bayyane yake, don haka a duba saitin sauti a tabbatar shi aka zaɓa. Wannan iyaka tana nan a kowace manhajar gudanarwa, ba ta Linux kaɗai ba ce. Abin da nake yi ni kaina shi ne in bar iyafis a kan A2DP don ji, in yi magana ta makirufon kwamfuta. A sababbin zubin WirePlumber, mai kula da zaman PipeWire, ana hana sauyawar kai-tsaye da `wpctl settings bluetooth.autoswitch-to-headset-profile false`. Sabon tsarin LE Audio da aka sanar a 2020 an yi shi ne don ya kawar da wannan zaɓi na dole, amma sai guntu da iyafis da manhaja duk sun iya shi, kwamfutar gwanjo kuwa ba ta cikin wannan layi.

Idan sauti yana yankewa yana dawowa, a ɗaga kai daga taminal a dubi ɗaki. Bluetooth yana aiki a zangon gigahaz 2.4, ya raba shi tashoshi 79, yana tsalle tsakaninsu sau 1,600 a daƙiƙa don kauce wa cunkoso. A wannan zango Wi-Fi yake, kuma tasharsa ɗaya tana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na filin. Mu da yawancinmu intanet ɗinmu daga wayar da ke gefen kwamfuta yake fitowa, ko daga 'yar MiFi, sau da yawa a kan wannan zango muke ba tare da mun sani ba, ga shi kuma guntu ɗaya ne a cikin kwamfutar ke raba lokacinsa tsakanin ayyukan biyu. Mayar da rabon intanet ɗin wayar zuwa gigahaz 5, ko zuwa kebul, yakan yi abin da gyaran fayil goma bai yi ba. Ramukan USB 3.0 ma suna fitar da hayaniya a daidai wannan zango, abin da Intel da kanta ta yi bayani a wata takarda a 2012; faifan ajiya da aka soka kusa da ɗan makullin Bluetooth yana iya kurmantar da shi, kuma gajeren kebul na ƙari yana raba su. Jikin mutum kansa, da yake yawancinsa ruwa ne, yana shanye wannan zango. Mita goma da ake faɗa ta fili ce, ba ta bayan bangon siminti ba.

Rashin wuta ya ƙara mana namu kason. Wanda ke lallaɓa batir yakan rufe kwamfuta sau goma a yini, kuma farkawa daga barci ita ce lokacin da guntun ya fi ɓacewa. Maimakon sake kunna komai, `sudo modprobe -r btusb` sannan `sudo modprobe btusb` yana sauke direban ya maido shi cikin daƙiƙa biyu. Idan kuma linzami yana suma bayan ɗan zama, kanel ne ke kwantar da guntun don tattalin batir; layin `options btusb enable_autosuspend=0` a cikin wani fayil a `/etc/modprobe.d` yana hana shi, a kan ɗan ƙarin cin wuta da ba za ka lura da shi ba.

'Yan makullan Bluetooth masu arha kuwa babi ne mai ban dariya. Akwai wani tsohon guntu, CSR8510, wanda ya yi suna har masu kwaikwayo suka cika duniya da nasu, dukansu suna gabatar da kansu da lambarsa, `0a12:0001`, alhali cikinsu daban. Direba ya gaskata, ya ba su umarnin da na asali ke ganewa, su kuma su daskare. Masu aikin kanel sun ƙara dabarun gano na jabu ɗaya bayan ɗaya, wasu sun gyaru, amma masu kwaikwayo ba su daina sauya ciki ba. Idan `lsusb` ya nuna wannan lamba kuma abin ya ƙi, ban ga hikimar kashe yini a kansa ba. Lokacin ma'aikaci ya fi kuɗin wani makullin tsada.

Akwai gyara ɗaya da nake roƙon mai karatu ya yi wa kallon tsanaki. A watan Disambar 2023 wani mai binciken tsaro, Marc Newlin, ya bayyana wata ɓaraka mai lamba CVE-2023-45866: wanda ke kusa da kai yana iya gabatar da na'urarsa a matsayin allon madannai, ya shiga ba tare da ka amince ba, ya yi ta rubuta umarni kamar yana zaune a kujerarka. Ta shafi Android da macOS da iOS da Linux. A BlueZ an toshe ta ne da sauya saiti ɗaya a `/etc/bluetooth/input.conf`, `ClassicBondedOnly`, daga a'a zuwa e, wato ba a karɓar na'urar shigar da rubutu sai wadda aka ƙulla cikakkiyar amana da ita. Sakamakon haka wasu tsofaffin na'urori, irin su abin wasan PlayStation 3, suka daina haɗuwa, nan da nan kuma shawara ta bazu cewa a mayar da saitin yadda yake. Shawarar tana aiki, kuma abin da take yi shi ne sake buɗe ƙofar da aka rufe. A kwamfutar wasan yara a falo, wataƙila ba komai. A kwamfutar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya ko takardun shari'a, wadda ake buɗewa a filin jirgin sama da zauren otal, ciniki ne marar riba. Haka duk wani umarni da aka ce ka kwafa ka liƙa: a tambayi shekararsa, a tambayi zauren da yake taɓawa.

Idan duk an bi waɗannan abin bai yi ba, saura `btmon`. Ka buɗe shi a taga ɗaya da `sudo`, ka gwada haɗawa a ɗaya, zai zubo maka duk maganar da ke gudana tsakanin kwamfuta da guntun, layi bayan layi. Yawancinta ba za ka gane ba, ba kuma sai ka gane ba. Ka nemi layin ƙarshe kafin yankewa, inda ake faɗin dalili. Idan ya ce lokacin kira ya ƙare, na'urar ce ba ta amsa ba: tana kashe, ko tana nesa, ko tana hannun waya. Idan ya ce mabuɗi ya ɓace ko tantancewa ta gaza, maganar amana ce, ka koma `remove`. Idan ya ce ɗaya ɓangaren ne ya yanke, to iyafis ne ya yi sallama da kansa, kuma sau da yawa batirinsa ne. Idan kuwa dalilin bai yi kama da ko ɗaya ba, `btmon -w` yana adana zancen a fayil, kuma wannan fayil, tare da abin da `lsusb` da `uname -r` suka nuna, shi ne abin da masu kula da BlueZ da kanel ke nema a rahoton matsala. A sani dai fayil ɗin yana iya ƙunsar adireshin na'urorinka har da mabuɗan da aka yi musaya lokacin gwajin, don haka bayan an tura shi a goge amanar a ƙulla sabuwa.